Cocin Katako na Ƙauyen Urnes

Yau za mu yi nisa, mu leƙa ƙasar Norway a arewacin Turai, inda wani ɗan ƙaramin coci na katako yake tsaye kusan shekara 900.

Ƙauyen sunansa Urnes, yana kan tudu a bakin wani reshen teku da ya kutsa tsakanin duwatsu. Masana sun ƙirga zoben da ke cikin katakon ginin, suka gano an sare itatuwan wajen shekarar 1130. To, yaya katako zai daɗe haka a ƙasar ruwan sama da ƙanƙara?

Amsar tana ƙasa, wajen tushe. Cocin da aka fara yi a wurin, ginshiƙansa a rami aka kafa su, kuma kun san abin da laima take yi wa itacen da aka binne. Sai magina suka canza dabara: suka jera duwatsu, suka shimfiɗa manyan katakai a kai, sannan suka tsayar da ginshiƙan a kansu, babu inda itace ya taɓa ƙasa. Daga waje kuma ana shafe shi da baƙar kwalta da ake tatsa daga itace, ana maimaitawa lokaci-lokaci, kamar yadda ake yi wa ɗakin ƙasa yaɓe kafin damina.

Wani abin sha'awa, maginan ba su zubar da tsohon kaya ba. Sun ɗauko ƙofar cocin da ya gabata, ta wajen shekarar 1070, suka saka ta a bangon arewa. A jikinta an sassaƙa wata dabba mai ƙafa huɗu tana cizon maciji, jikinsu ya sarƙe kamar igiya. Wasu masana na ganin kokawar alheri da sharri ce, wasu kuma na ganin ragowar tatsuniyoyin mutanen ƙasar ne tun kafin su karɓi addinin Kirista.

A da, irin waɗannan coci-coci sun haura dubu a Norway. Yau 28 suka rage. Kuma da yawansu masu su ne suka rushe su da hannunsu. A 1851 an yi doka cewa kowane coci ya iya ɗaukar kashi uku cikin goma na mutanen yankinsa, sai ƙauyuka suka riƙa rushe ƙananan tsofaffin suna gina manya. Na Urnes ya tsira, domin a farkon shekarun 1880 ya koma hannun ƙungiyar adana kayan tarihi da aka kafa a 1844. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

To 'yan'uwa, kun ga sanyi da ruwa ba su ci wannan gini ba, tun da ana kula da shi. Takwarorinsa kuwa raini ne ya cinye su, don an ga sun tsufa, sun yi kaɗan. Kafin a ce a rushe tsohon zauren gida ko a jefar da ƙofar kakanni, mu iyaye mata mu sa baki, a tsaya a duba tukuna.

Sai wani makon in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.