Asalin Cika-Ciki a Ƙasar Daura

Ya ku 'yan makaranta, kowannenku ya san labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, da yadda Hausa Bakwai suka fito daga zuriyarsa. To, yau ba zancen sarakuna za mu yi ba, zancen tukunya ne, watau abincin da mu mutanen Daura mu kan tarye sabuwar shekara da shi.

Ku sani shekarar da mu ke nufi ita ce ta Hijira. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ƙaura daga Makka zuwa Madina a cikin 622, kuma a zamanin Halifa Umaru aka mai da wannan ƙaura mafarin lissafi. Watan farko shi ne Muharram, amma mu Hausawa muka laƙaba masa suna Watan Cika-ciki, saboda cin da a kan yi a daren goma ga wata.

Ga yadda abin ya ke. Ran Babbar Salla, in an yanka ragon layya, uwargida ba ta kan bari a cinye duka ba. Sai ta keɓe jela, wani gida har da kai da ƙafafu, ta sa gishiri, ta rataye bisa murhu hayaƙi ya busar. Daga layya zuwa goma ga Muharram wata guda ne cur. Ran nan sai a sauko da naman a yi miya da shi, a tuƙa tuwon gero ko na dawa fiye da na kullum, mai hali ya ƙara da kaza. Yaro da babba, baƙo da almajiri, kowa sai ya ci ya ture. Tsofaffi kan ce wanda bai ƙoshi a daren nan ba, da yunwa zai ƙare shekara. A cikin kwanakin kuma taubasai kan bi juna da wasa suna neman kuɗin shara.

To, ina asalin wannan? Abin da ya tabbata ga malamai shi ne azumi. Da Annabi ya isa Madina ya tarar Yahudawa na azumtar ranar Ashura, don ran nan Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai shi ma ya azumta, ya kuma umurta a yi. Daga baya ya yi nufin haɗawa da ran tara, watau Tasu'a. Akwai kuma wani hadisi mai cewa wanda ya yalwata wa iyalinsa ran Ashura, Allah zai yalwata masa sauran shekara, amma malamai sun yi saɓani a kan ingancinsa. Ga alama a nan cika-ciki ya samo tushe. Zancen wai mai kwana da yunwa zai shekara da ita kuwa, wannan faɗar mutane ce kurum.

Kada ku zaci mu kaɗai ke yi. A Maroko su ma su kan ajiye busasshen naman layya su dafa shi ran Ashura. A Senegal sunan bikin Tamkarit, dambun gero su kan ci. Yarbawa na kiransa Kayokayo, watau a ci a ƙoshi. Mutanen Turkiyya kuwa kunun zaƙi su kan dama da alkama da wake da 'ya'yan itace, suna tunawa da guzurin da ya rage a jirgin Annabi Nuhu.

Akwai wani abin lura. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta Turawa da misalin kwana 11, saboda haka cika-ciki kan kewaya rani da damina da kaka a cikin shekara 33. A 1914 Muharram ya kama a watan Nuwamba, da kaka, bayan babbar yunwar da ta auka wa ƙasar Hausa a shekaran nan, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman. A 2024 kuwa ya kama a watan Yuli, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. A irin wannan shekara ba kowane gida ke iya cika cikinsa ba, sai maƙwabci ya aiko da akushi. Ƙasarmu tana bakin iyakar Nijar, ruwanta kaɗan ne, kakanninmu sun san yunwa ido da ido, shi ya sa suka ɗauki ƙoshi fata nagari na shiga shekara.

Saboda haka, kada ilmin boko ya sa ku raina jelar da iyayenku mata ke ratayewa, kada kuma ku ɗauki camfin da ke biye da ita a kan addini ne. Ku yi azumin in kuna iyawa, ku ci ku gode Allah, ku kuma duba gidan da hayaƙi bai tashi ba ku kai musu nasu rabo. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Allah ya maimaita mana, ya ba mu damina mai albarka, amin.