Daga Tartsatsi Zuwa Mita: Tarihin Gano Cutar Wutar Mota a Njamena

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji a Njamena ya san kanikawa iri biyu ne, mai inji da mai waya. Mai inji yana jin ƙara ya san inda ciwo yake, ya ga mai yana ɗiga ya bi sawunsa. Mai waya kuwa da abin da ido ba ya gani yake fama, shi ya sa tarihin sana'arsa yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin kayan awonsa. Wannan maƙala za ta bi wannan tarihi mataki-mataki, tun daga shigowar mota birnin har zuwa yau da kwamfuta ta shige cikinta.

Shigowar mota

An kafa birnin ne a 1900, bayan yaƙin Kusiri wanda Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka kwanta dama a cikinsa. Emile Gentil ya raɗa masa suna Fort-Lamy, kuma da wannan suna ya zauna har 1973, lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Hausawa sun daɗe a wurin, domin yana kan hanyar mahajjata ta gabas. John Works ya wallafa littafi a 1976 a kan Hausawan Chadi, waɗanda da yawansu fatauci da niyyar Hajji suka kai su.

A ƙarshen 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën, wanda ya taso daga Colomb-Béchar ta ƙasar Aljeriya, ya biyo ta Yamai da Damagaram ya iso Fort-Lamy. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma daga Chadi rundunar Leclerc ta ɗauki hanyar hamada a cikin manyan motoci, ta ƙwace Kufra a watan Maris na 1941. Wutar motocin wancan zamani ba ta da yawa: batir mai bolt 6, dinamo, fitilu, ƙaho, sai sitata, wanda Charles Kettering ya sa wa Cadillac tun 1912. Mutum yana iya bin kowace waya da yatsa daga tushenta har ƙarshenta.

Zamanin tartsatsi da ƙwan gwaji

Awon farko shi ne tartsatsi. Kanike ya goga bakin waya a jikin ƙarfen mota, in ta yi tartsatsi akwai wuta, in ta yi shiru babu. Dabarar ta yi aiki ne saboda ƙarfen motar shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, abin da kanikawan Chadi da Nijar ke kira mas, daga Faransanci. Haka ma abin da Bakano ke kira fulogi, mutumin Damagaram da na Njamena buji suke ce masa. Wannan ya ishi mai nazarin harshe ya gane ta wace ƙofa mota ta shigo wa kowane ɓangare na Hausawa.

Daga baya ƙwan gwaji ya maye gurbin tartsatsi. Ƙwan fitila ne aka ɗaura masa waya biyu, ɗaya a maƙala a mas, ɗaya a riƙa taɓa wuraren da ake zargi. Shi ya yi mulki a zamanin Peugeot 404 da 504, lokacin da motoci suka koma bolt 12 kuma altaneta ta kori dinamo. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, gadar Ngeli da ta haɗa Njamena da Kusiri kuma aka buɗe ta a 1985, sai kayan gyara da yaran koyo suka riƙa zirga-zirga tsakanin Kano, Maiduguri da bakin kogin Shari. Ƙwan gwaji yana da wata falala da ba kowa ya lura da ita ba: yana jan wuta. Idan mahaɗa ta yi tsatsa, haskensa zai dushe, kanike ya gane hanya ta ƙuntata.

Land Cruiser da darasin 1987

A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fatattaki dakarun Libiya a Fada cikin watan Janairu, sannan a Wadi Dum cikin Maris, suna kan ƙananan motocin ɗaukar kaya, har aka raɗa wa yaƙin sunan Toyota. Tun daga nan Land Cruiser ta samu matsayi na musamman a ƙasar. Ga mai waya, sirrinta sauƙi ne. Injin dizal irin 1HZ, wanda ya fito a 1990, famfonsa na ƙarfe ne, da zarar ya tashi abin da yake nema daga batir bai wuce ɗan wutar da ke riƙe ƙofar mai a buɗe ba. Wannan sauƙi ya tsawaita zamanin ƙwan gwaji a Chadi, alhali a ƙasashen da ake ƙera motoci an riga an wuce wurin.

Mita da abin da take ɓoyewa

Mitar da ke auna ƙarfin wuta, da gudunta, da turjiyar waya duk a akwati ɗaya, Donald Macadie ne ya ƙirƙiro ta, injiniya a hukumar gidan waya ta Ingila, aka fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO. Mai nuna lambobi ta hannu ta fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1970, yau kuma ta yi arahar da ɗan koyo zai iya mallakarta. Da ita ake sanin batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, ya hau zuwa wajen 14 idan altaneta na caji.

Sai dai mita ba ta jan wutar kirki. Wayar da ta tsinke saura zare ɗaya za ta nuna bolt 12 cif, amma ba za ta iya kunna ko fitilar gaba ba. Maganin wannan yana cikin dokar da Georg Ohm ya bayyana a 1827: faɗuwar bolt daidai take da gudun wuta sau turjiya. A ce sitata na jan amfiya 200, kan batir kuma ya yi tsatsar da turjiyarta ta kai om 0.01 kacal. Bolt 2 sun salwanta ke nan a wannan wuri ɗaya, sai motar ta riƙa nishi. Mita ba za ta nuna turjiya ƙanƙanuwa haka ba, domin ta igiyoyinta ma ta fi ta yawa. Abin da ake yi shi ne a ɗora bakin mita ɗaya a kan sandar batir, ɗaya a kan maƙallinta, a murɗa makulli, a karanta bolt nawa suka faɗi a tsakani. Sau da yawa mai mota yakan sayi sabon batir ko sitata, alhali wanke kan batir ne kawai ya rage.

Kwamfuta ta shigo

A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da tsarin CAN, wanda ke ba ƙwaƙwalen mota damar zantawa da juna ta waya biyu da aka murɗe tare. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, na dizal daga baya. Kowace mota ta samu soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta lambobin cuta. Bayan da man Doba ya fara bin bututu zuwa Kamaru a 2003, motoci suka ƙaru a Njamena, akasarinsu na hannu da aka sauke a Duwala ko Kwatano, da yawansu da ƙwaƙwalwa a ciki.

A irin wannan mota tartsatsi ɓarna ne, domin goga waya ɗaya na iya ƙona ƙwaƙwalwar da kuɗinta ya fi ladan kanike na watanni. Ƙwan gwaji ma yana iya jan wutar da ta fi ƙarfin siririyar hanyar sigina. Na'urar karatu kuma tana da nata tarkon. Lamba irin P0335 tana nufin akwai matsala a da'irar na'urar da ke lura da juyawar ƙarfen inji, kuma da'irar ta haɗa da na'urar kanta, da wayoyinta, da mahaɗarta. Wanda ya karanta lamba ya ruga kasuwar Dembe neman sabuwar na'ura zai iya dawowa ya tarar cutar na nan, don a mahaɗa take. Gwani kan cire batir ya auna tsakanin baki na 6 da na 14 na soket ɗin. Om 60 alamar lafiya ce, domin akwai turjiya biyu masu om 120 a ƙarshen layin biyu. Idan ya ga 120, ya san an yanke hanya zuwa ɗayansu.

Yanayin birnin yana ƙara wa aikin nauyi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da robar waya har ta tsattsage, ƙurar hunturu na shiga mahaɗa, ambaliya irin ta 2022 da ta mamaye Walia kuma tana barin danshi a cikin soket, tagulla ta yi koren tsatsa, cutar ba za ta bayyana ba sai bayan watanni. Ga kuma tsohuwar al'adar ɗaure fis da ya ƙone da zaren waya, wadda ke mayar da wayoyin motar su zama fis ɗin, har ta kai ga gobara.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne kowane kayan awo tambaya ɗaya yake amsawa. Ƙwan gwaji yana faɗin ko hanya na iya ɗaukar kaya, mita tana faɗin adadi, na'urar karatu tana nuna da'irar da za a bincika. Har yanzu yawancin masu waya a hannun maigida suke koyo, ta kallo da maimaitawa, kuma wannan hanya ta wadatar a zamanin 504. Motar yau tana bukatar yaro ya iya karanta taswirar waya da ɗan lissafin Ohm, abubuwan da a rubuce sai da Faransanci ko Ingilishi ake samunsu. Nan ne aikin masana Hausa ya shigo: a tattara kalmomin da ke bakin kanikawa a Kano, Maraɗi da Njamena, a daidaita su, a rubuta ƙananan littattafan koyarwa da su, domin yaron da ke riƙe wa maigidansa mita ya san ma'anar lambar da yake gani.