Zare: Tarihin "No Disc" da faifan da ya kunyata ni a gaban dangi

1/ Jiya ina gyara durowar Umma na ci karo da wani faifan CD, an rubuta a bayansa da maka: "Bikin Yaya 2007". Rubutuna ne. Sai da na nemi wuri na zauna. Ku da kuka taso da WhatsApp, ku matso in ba ku labarin zamanin da ɗora waƙa da hoto sai mai ilimin abin.

2/ Mu fara da sunan. Faifai na asali shi ne na kaba, wanda iyayenmu mata ke rufe ƙwarya ko bakace da shi. Da garmaho ya zo, Bahaushe ya ga abu zagayayye mai faɗi, ya ce ai wannan faifai ne. CD ya zo ya gaji sunan, DVD ma haka.

3/ Kamfanoni biyu suka haifi CD: Philips na Holan da Sony na Japan. A 1980 suka rubuta ƙa'idojinsa a kundin da ake kira Jan Littafi, a 1982 ya shiga kasuwa. Minti 74 na sauti yake ɗauka, daga baya aka samu mai minti 80.

4/ Ku riƙe wannan, don shi ne tushen labarin: faifan waƙa na asali ba fayil ne a cikinsa irin na wayarku ba. Sauti ne a jere, waƙa ta 1 har ta 99 in ta kai. A farkonsa akwai ɗan jadawali da ke faɗa wa na'ura inda kowace waƙa ta fara. Ba jadawali, ba waƙa.

5/ Faifan kamfani bugawa ake yi da injin, kamar hatimi. A 1988 aka fitar da tsarin CD-R, wanda mutum zai iya rubutawa da kansa. A cikinsa akwai siririn shafi na rini, hasken leza ke bi yana ƙona ɗigo-ɗigo. Shi ya sa muke cewa "bonin", wato ƙonawa. Ƙuna ce ta gaske.

6/ Manhajar da kusan kowane shago ke amfani da ita ita ce Nero Burning ROM, daga Jamus, tun 1997. Sunan ma barkwanci ne: Nero shi ne sarkin Rum da aka zarga da gobarar birnin a shekara ta 64, kuma Jamusawa na kiran birnin Rom. Na fi shekara ina aiki da ita ban gane ba 😅

7/ A 1993 sai ga VCD, daga Philips, Sony, JVC da Matsushita masu Panasonic. Bidiyo a kan faifan CD. A Amurka da Turai bai yi tasiri ba, kaset ɗin VHS ya tsare hanya. Amma China da maƙwabtanta suka rungume shi, suka ƙera na'urori masu araha. Su suka cika kasuwanninmu.

8/ Finafinanmu a kaset suka fara, tun daga Turmin Danya a 1990. Cikin shekarun 2000 harka ta koma faifai, in ka shiga Ƙofar Wambai a Kano sai ka ga su dami-dami. Fim ɗin Indiya mai awa 3 kuwa faifai uku yake zuwa, don VCD ɗaya ba ya wuce minti 80.

9/ To, a 2007 ina ɗan sakandare, in an taso makaranta ina zama a shagon kwamfutar Kawuna. Shara, aike, buga takardu. Bonin kuwa nasa ne, ni sai kallo. Ina ganinsa yana danne-danne, na ce a raina wannan ai ba komai ba ne.

10/ Aka yi bikin Yayata. Kakarmu tana ƙauye, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Mai hoto ya kawo hotunan a memori aka zuba a kwamfutar shago. Ranar da Kawu ya tafi ɗaurin aure, na ɗauki faifai, na kwashi hotuna da waƙoƙin biki na watsa ciki. Na gwada a kwamfutar, ya buɗe tsaf.

11/ Ranar Asabar na isa ƙauye ina taƙama. Bayan isha'i aka tayar da janareto, aka fito da talabijin tsakar gida. Mata, yara, har maƙwabta. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a gaba. Na saka faifai. Ya yi ta juyi, ƙirrr, ƙirrr. Sai allo ya rubuta: NO DISC.

12/ Na ciro, na hura masa iska, na goge da rigata, na mayar. NO DISC. Sau biyar. Yara suka fara ƙunshe dariya. Kaka ta ce, "Ɗan nan, ina amaryar tawa?" Wallahi har yau ina jin muryar. Man janareto ya tafi a banza, kowa ya watse.

13/ Da na dawo Kawu ya juya faifan ya kalla, ya ce, "Kai yaro, laifi uku ka yi." Na farko: CD-RW na ɗauka, wanda ake gogewa a sake rubutawa. Ya fito a 1997, kuma hasken da yake mayarwa ya yi rauni sosai, idon tsofaffin na'urori ba ya ganinsa.

14/ Na biyu: ban rufe faifan ba. Manhaja kan bar shi a buɗe don a ƙara wasu abubuwa gobe. Kwamfuta ta saba da haka, amma yawancin na'urorin falo sai an kammala faifan an rufe suke karanta shi. Ɗan akwati ɗaya ne zan latsa, ban latsa ba.

15/ Na uku: na zuba fayil ne kawai, JPEG da MP3, alhali tsohuwar na'urar ƙauye VCD da faifan waƙa kaɗai ta sani. Ita so take ta ga folda mai suna MPEGAV, cikinta fayil irin AVSEQ01.DAT. Kamar ka kai wa wanda ajami kaɗai ya iya wasiƙa da boko.

16/ Daga ranar ya koya min aikin. Dokarsa ta farko: kafin ka taɓa faifai, tambayi mai shi, "A me za ka kunna?" Rediyo ce, mota ce, VCD ce ko DVD? Amsar ita ke yanke komai. Kwamfutar da ta rubuta ba ita ce alƙali ba, na'urar gidan mutum ce.

17/ In tsohuwar rediyo ce, faifan waƙa na asali za ka yi: minti 80, waƙa goma sha wani abu. In na'urar na da tambarin MP3 a goshinta, faifai mai megabayit 700 zai ɗauki sama da awa 10. Waƙa fiye da 100 a faifai ɗaya! Direbobi har layi suke yi.

18/ Sunan fayil ma da dokarsa. Tsarin ISO 9660 na 1988, a matakinsa na farko, harafi 8 kawai ya yarda da shi, sai 3 bayan ɗigo. Microsoft ta kawo Joliet a 1995 mai ɗaukar 64, amma ba kowace na'ura ta san shi ba. Shi ya sa muke sa suna 001, 002, 003.

19/ Hotuna kuwa, ko ka jera su a tsarin VCD suna wucewa ɗaya bayan ɗaya da waƙa a ƙasa, ko in DVD ce mai karanta JPEG ka rage musu girma. Sannan ka zaɓi PAL, tsarin talabijin ɗin Najeriya. Ka bar shi a NTSC na Amurka, wata talabijin sai ta nuna baƙi da fari ko hoto ya riƙa birgima.

20/ Sai gudu. An rubuta 52x a jikin faifai, amma Kawu ba ya wuce 16x, ya ce mai gaggawa ba ya rubutu mai kyau. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar bonin, faifan ya mutu. Irinsu ne kuke gani a bayan kekuna suna ƙyalli.

21/ Zuwan DVD, wanda ya fara a Japan a 1996 da gigabayit 4.7, bai kashe rigimar ba. Kamfanoni suka rabu gida biyu: DVD-R da DVD+R na 2002. Wata na'urar ta karɓi wannan ta ƙi wancan. Ragi da tarawa kawai, amma kwastoma zai dawo yana huci.

22/ Bayan mako biyu na koma ƙauye da CD-R, a tsarin VCD, a rufe, na kuma gwada a na'urori uku kafin in hau mota. Ya buɗe. Kaka ta matso har tana taɓa gilashin, tana kiran sunan kowa. Ta sa aka maimaita sau uku. Ba ta kai wata damina biyu ba ta rasu. Allah Ya jiƙanta.

23/ Daga baya memori da Bluetooth da filash suka cinye kasuwar. Na'urorin DVD suka fara zuwa da ramin USB, masu turi suka cika Farm Centre, kwamfutoci suka daina zuwa da wurin saka faifai. Shagon Kawu ya rufe, kwamfutar ma an sayar.

24/ Ma'ana, faifan da na tsinta jiya, wanda na yi wa Umma na ainihin hotunan, shi kaɗai ya rage. Kuma akwai Baba a ciki, sanye da babbar riga, yana dariya. Na aro na'urar da ake jonawa ta USB. Hotunan farko suka buɗe. Na ƙarshe suka ƙi.

25/ Dalili: CD daga tsakiya ake rubuta shi zuwa baki, kuma bakin nawa ya fara ɓarewa. Rinin nan ba ya son rana da zafi da laima. Sannan bayan faifan, inda muke rubutu, ya fi cikinsa haɗari, don bayanan na dab da saman. Biro kaɗai na iya kashe shi.

26/ Na tsira da hotunan Baba guda huɗu. Alhamdulillah. Na ajiye a waya, a filash, a imel, na tura wa Yaya. Umma ta riƙe wayar ta daɗe ba ta ce komai ba.

27/ Don Allah, duk mai faifan biki, suna, sauka ko dawowar Alhazai a gida, kada ya jira. Nemo na'ura, kwashe, ajiye a wuri biyu ko uku. In ya yi datti, goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Wa ya taɓa shan kunyar NO DISC? Ina jiran labarinku a ƙasa 👇