Shanun Zamfara ta Arewa: Daga Titin Jirgi zuwa Gandun Kiwo

Duk wanda zai yi zancen mayar da kiwon shanu sana'ar zamani a ƙasar Zamfara, lalle ne ya fara da 1929, watau shekarar da titin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Turawa sun shimfiɗa shi ne domin gyaɗa da auduga, amma ya taɓa shanu. Kafin zuwansa, fatake kan kora garke a ƙasa har Ilorin da Ikko, tafiyar makonni cikin dajin ƙudan tsando, inda sammore kan kashe wasu, sauran su isa a rame. Da jirgi ya zo sai bijimin da aka saya ran Alhamis a kasuwar Shinkafi, wataƙila ma daga ƙasar Nijar ya ƙetaro, ya isa kurmi da namansa a jikinsa. Ashe ke nan cinikin nama ba baƙo ba ne a nan. Dillali da fatake da mahauta sun daɗe da tsara shi.

Abin da hukuma ta ga ya saura shi ne gyaran kiwon kansa. A 1962 aka fara gangamin allurar bushiya, a 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe gandun kiwo. Ƙarƙashin wannan manufa aka mayar da babban dajin Zamfara da ke ƙasar Zurmi makiyaya, aka gina madatsun ruwa, aka kafa tasha a Gidan Jaja, da nufin Fulani su zauna wuri ɗaya, su bar tafiya cin rani da shanu, su riƙa fitar da bijimai kasuwa a kan kari.

To, a nan ne, a ganina, aka yi kuskure biyu. Na farko, masu tsarin sun dubi saniya sun ga nama, alhali kuwa mai ita nono yake gani, da taki, da ajiyar da zai yi aure ko ya biya jangali da ita. Mutumin da garkensa shi ne bankinsa ba ya sayar da ɗan maraƙi don wani jami'i ya ce lokaci ya yi. Na biyu, wanda ya fi muni, an gina dam amma ba a yanke hukuncin wane ne mai ciyawar ba. Dajin na hukuma ne a takarda. Makiyayi ba shi da shaidar mallakar ko taki ɗaya, ga kuma ƙauyukan manoma a cikinsa, irin su Dumburum da Shamushalle, waɗanda yawansu ke ƙaruwa kowace shekara. Wa zai shuka ciyawa ko ya yashe tafki a filin da gobe za a iya yanka wa wani gona? Farin 1973 da dawowar bushiya a 1983 sun rage garke, gonaki kuwa suka ci gaba da cin burtali da mashaya.

Sauran labarin kun san shi. Daga wajen 2011 satar shanu ta zama yaƙi, dajin da aka keɓe don kiwo ya koma mafakar 'yan bindiga. A 2016 an yi bikin loda shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, abin bai ɗore ba. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, ta hana safarar dabbobi.

Abin da ya rayu cikin duk wannan, ba tare da wani tsari na ofis ba, shi ne kiwon turke: magidanci ya sayi sa bayan kaka, ya ɗaure shi a bayan ɗaki, ya ciyar da shi harawa da dusa da ƙowa wata uku ko huɗu, ya sayar gab da Sallah. Shi wannan ya san turken nasa ne.