Fuska Biyu a Kan Azurfa Ɗaya

Masu sauraro kan tambaye ni me ya haɗa ɗan rediyo da tara tsofaffin kuɗin azurfa na sarakunan Faransa. Amsata ita ce, tsabar kuɗi ba ta iya ɓoye halin da baitulmali yake ciki, ko da fada ta so ɓoyewa.

A shekarar 1641 Sarki Lui na 13 ya fitar da babbar tsabar azurfa mai suna eku. Nauyinta ya kai giram 27, darajarta kuwa sol 60. Aka buga fuskar sarki a gefe ɗaya, tambarin masarauta a ɗayan, da harafin da ke nuna garin da aka ƙera ta: A na nufin Paris.

Ɗansa, Lui na 14, ya yi ta yaƙe-yaƙe har aljihu ya bushe. A 1689 ya sa aka narkar da tebura da kujerun azurfa na fadar Bersai aka mayar da su kuɗi. Da hakan bai isa ba, sai aka umarci jama'a su kai tsabarsu gidan buga kuɗi. Tun daga 1690, maimakon a narkar da ita, sai a danna sabon zane a kan tsohon, a ce yanzu sol 66 ce. Azurfar ba ta ƙaru da ƙwaya ɗaya ba. Ribar ta tafi wa sarki. An maimaita wannan dabara a 1693 da 1701 da 1704.

Irin waɗannan tsabar na fi so. In ka karkata ɗaya a hasken rana, za ka hangi burbushin tsohuwar shekara ko tsohon rubutu a ƙarƙashin sabon. Wani zai ce aibi ne. Ni a wurina shaida ce, shi ya sa nake roƙon duk mai tarawa kada ya goge tsabarsa don ta yi ƙyalli: darajarta yake kankarewa.

Sai a 1726 aka tsayar da eku a liba 6, ya zauna haka har juyin juya halin 1789. Wanda ya ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ya san yadda abin yake: ka kwana da kuɗinka a hannu, ka tashi hukuma ta sauya musu lissafi.