Aspen: Garin da Masu Haƙa Suka Gina

Duk wanda ya ji sunan Aspen a yau, abin da ke zuwa masa a rai shi ne attajirai da jiragensu, da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Su kansu Amurkawa haka suke kallonsa. To amma garin ba da kuɗin attajirai ya fara ba, da diga da shebur ya fara, kuma wannan ne nake so mai karatu ya riƙe.

Aspen yana jihar Kolarado, a kwarin kogin Roaring Fork, kimanin mita 2,400 sama da teku. Ƙaramin gari ne ƙwarai: ƙidayar 2020 ta sami mutum 7,004 kacal.

A 1879 wasu masu neman azurfa suka tsallako duwatsu daga garin Leadville suka yada zango a kwarin. Daga nan ne gardamar wanda ya kafa garin ta samo asali. Wasu na cewa Henry Gillespie ne, domin shi ya fara tsara sansanin da aka kira Ute City. Wasu kuma na cewa B. Clark Wheeler ne, wanda ya iso a farkon 1880 cikin tsananin sanyi, ya auna fili, ya sauya sunan zuwa Aspen, sunan wani itace da ya cika duwatsun wurin. Ni dai a ganina Gillespie ya riga, Wheeler kuwa wayo ya fi shi. Sai dai dukansu biyu baƙi ne. Sunan farko ma ya tona asirin: ƙasar mutanen Ute ce, a nan suke farauta tun kaka da kakanni, har aka kore su zuwa yankin Yuta a 1881. Abin takaici, gundumar da garin ke ciki sunan Gwamna Frederick Pitkin take amsawa, mutumin da ya dage sai an kore su. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A nan kam raɓar ce ta tumɓuke kabar.

Azurfa ta zo da albarka. A farkon shekarun 1890 Aspen ya zarce Leadville wajen fitar da ita, jama'a suka kai kusan dubu goma sha biyu, ninki kusan biyu na yau. Wani Wheeler ɗin daban, Jerome, ya gina otal da gidan wasan kwaikwayo a 1889, kuma duka biyun suna nan tsaye. A 1893 gwamnatin Amurka ta soke dokar da ta wajabta mata sayen azurfa, farashi ya faɗi, ramuka suka rufe. Ya zuwa 1930 mutum 705 suka rage. Waɗannan ne, a wurina, 'yan garin na gaske: manoman dankali da makiyaya da suka ƙi tashi lokacin da babu abin kwaɗayi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Walter Paepcke, wani attajirin Cikago, da matarsa Elizabeth, da Friedl Pfeifer ɗan asalin Ostiriya, suka farfaɗo da garin. A 1946 aka kafa kamfanin wasan zamiya, a 1949 aka yi bikin cikar marubucin nan na Jamus, Goethe, shekara ɗari biyu da haihuwa, har shahararren likitan nan Albert Schweitzer ya halarta. Daga wannan taro aka sami bikin kiɗan Aspen da Cibiyar Aspen. Burinsu gari ne na ilimi da motsa jiki.

Yau fa? A 2024 an sayar da gida guda a dutsen Red Mountain kan dala miliyan 108. Da yawa daga irin waɗannan gidaje a kulle suke mafi yawan shekara, masu su sai lokacin hutu. Masu dafa abinci, da masu share ɗakuna, da magina, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya kuwa, a garuruwan Basalt da Carbondale da Glenwood Springs suke kwana, wasu har Rifle. Da yawansu 'yan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne. Tun asuba suke cika motocin haya a babbar hanya mai lamba 82, tafiyar da ta wuce kilomita sittin daga Glenwood, ga ƙanƙara, ga cunkoso a bakin gadar shiga gari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Gaskiya ce, garin bai naɗe hannu ba. Hukumar gidaje ta gari da gunduma tana kula da gidaje kimanin dubu uku da aka keɓe wa ma'aikata, an ƙayyade farashinsu, wasu ma da ƙuri'a ake rabawa. Ba garuruwa da yawa suka yi haka ba, kuma ya cancanci yabo. Amma waɗanda suka samu tun da daɗewa sun tsufa a ciki, sun yi ritaya, kuma ba mai cewa su fita. Matashin da ya zo aiki bana sai ya jira shekaru, ko ya haɗa ɗaki da mutum uku, ko ya tattara ya bar kwarin. Yaran da aka haifa a garin ma ba sa iya sayen gida a unguwar iyayensu.

Masu mulkin Aspen da masu dukiyarsa su dubi wannan tun da sauran lokaci. Su ƙara gina wa ma'aikata gidaje a cikin gari, kusa da inda suke zubar da gumi.