Kaburbura Biyu a Girku: Likita Mila da Mutanen Gidansa

Duk wanda ya taɓa kwana a Yelwan Yawuri ko wani ƙauye na ƙasar Ngaski ya wayi gari ranar Lahadi, ya san da wane harshe ake sujada a majami'un yankin. Mai wa'azi Bakambare ne, masu sauraro Kambari ne da Dukawa, a gida kowa da harshen uwarsa, amma littafin da ke buɗe a gabansu na Hausa ne, waƙoƙin ma da Hausa ake rera su. An saba da abin har ba a tambayar mafarinsa. Zaren labarin kuwa, in aka bi shi, sai ya bar bakin Kwara ya nufi gabas, ya tsaya a Girku, wani ƙaramin gari kudu da Zariya, inda aka binne Turawan mishan biyu, shekara shida tsakani.

Mutanen Yawuri ba sa bukatar a gaya musu wane ne Nagwamatse. Tun daga Umaru, wanda ya kafa Kwantagora, har zuwa ɗansa Ibrahim, dawakinsu sun sha kai hari ƙauyukan Kambari suna kwasar bayi, a daidai lokacin da rikicin gidan sarauta ya raunana Yawuri. Wannan guguwa ce ta rutsa da wani saurayi mai suna Walter Gowans, wanda ya taso daga Kanada. Su uku suka sauka Ikko a ƙarshen 1893, shi da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wata ƙungiya mai kuɗi a bayansu, sai ƙarfin hali da addu'ar mahaifiyar Gowans da ke Toronto. Zazzaɓi ya kayar da Bingham tun a Ikko, ya tsaya can. Gowans ya nausa har Girku, ga ciwo a jiki, mayaƙan Kwantagora suka auka wa garin, kayansa suka salwanta. A Nuwamba 1894 ya rasu a can. Kent ya bi shi a Bidda cikin watan Disamba. Bingham, wanda ya koma gida shi kaɗai, shi ne daga baya ya raya ƙungiyar da ta zama SIM.

Shekara shida bayan haka sai ga ayari na biyu, wannan karon na ƙungiyar CMS ta Ingila, kuma da shiri. Bishop Herbert Tugwell ne madugu. Tare da shi akwai Richardson, da Burgin, da Claud Dudley Ryder, da wani likita ɗan shekara ashirin da 'yan kai wanda ya yi karatu a asibitin St Bartholomew na Landan, wato Walter Miller, wanda Zazzagawa suka raɗa wa Likita Mila. Kafin su taso, shi da wasu daga cikinsu sun zauna a Tarabulus suna koyon Hausa a bakin fatake da alhazai. A can ne Mila ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid, da ke kan hanyar Makka, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa.

Sun zaɓi mummunan lokaci. A ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasar Arewa ta shiga hannunsu, alhali Kano da Sakkwato ba su san da zancen ba. A cikin wannan wata ayarin ya bar Ikko, ya bi ta Jabba. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Suka ɗauka haka za a yi ko'ina, suka wuce Kano cikin watan Afrilu ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba: ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. In an yi adalci, ba za a ga laifin Alu ba. Farin mutum ya shigo maka birni yana cewa addini ya kawo, ga 'yan'uwansa can kudu da bindigogi suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta yaya za ka raba ɗaya biyu? Shi kansa Lugga abin bai yi masa daɗi ba, don ba ya son a ɓata masa lissafi kafin ya shirya.

Suka juyo suka yada zango a Girku, kusa da wani sansanin sojan Turawa. Damina ta sauka, ciwo ya biyo ta. Atini ya kama Ryder, ga likita a gefensa amma ba abin da ya iya, ya rasu a tsakiyar shekarar. Richardson ya galabaita aka mayar da shi gida. Wuta ta cinye bukkokinsu. A ƙarshe aka umarce su da su janye, suka gangara Loko a bakin Binuwai.

A nan ya kamata a ɗan dakata a kan maganar cuta, don ita ce ta fi takobi kisa a wannan labari. Tun 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba wanda ya mutu. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. To amma kwinin ba ya maganin atini, kuma ba ya tace ruwan rafi. Akwai kuma zazzaɓin baƙin fitsari, wanda ya kashe Graham Wilmot Brooke a Lakwaja a 1892, mutumin da ya riƙa sa riga da rawani irin na Hausawa yana mafarkin isa Kano. Takardun mishan sun adana sunayen waɗannan Turawa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan dakon da suka ɗauko musu akwatuna daga bakin teku, da kukunsu, da masu yi musu tafinta, su ma ruwan nan suka sha.

Mila bai haƙura ba. A 1902 ya koma Girku, a daidai lokacin da Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka kora daga Kwantagora a farkon 1901, ya addabi ƙasar Zazzau har Kwasau ya nemi taimakon Nasara. Taimakon ya zama ajalin sarautarsa: suka shigo, suka tuɓe shi, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. A 1905 Mila ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Iyalinsa ba irin wanda aka saba gani ba ne. 'Yar'uwarsa Ethel ta biyo shi ta yi aikin mishan, sauran mutanen gidan kuwa yara ne da ya tara yana reno, yana koya musu boko. Zamansu a birni bai taɓa zama lafiya lau ba. Razdanoni na ganin sa ƙaya ce a tsarin mulkinsu na bi ta hannun sarakuna, shi kuma bakinsa ba ya shiru, kullum yana kai ƙarar abin da ya kira zalunci a fada. Tsakaninsa da Sarki Aliyu, wanda masani ne kuma mawaƙi, abota ta rikiɗe ta zama gaba, kuma ƙorafe-ƙorafen Mila na cikin abubuwan da ake ambata in ana maganar tuɓe sarkin da kai shi Lakwaja a wajen 1920. Ita kuwa Ethel ta wuce gona da iri. A shekarun 1920 ta wallafa wata ƙasida ta ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), abin da ya fusata Musulmi, ya kuma ƙara wa hukuma hujjar takura wa 'yan mishan a ƙasashen sarakuna.

Mafi ɗacin babin shi ne na Gimi. A 1913 wasu mutane suka zo wurin Mila, zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Aka nema musu wuri a Gimi suka kafa ƙauye, da gonaki da makaranta, ƙarƙashin kulawar W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya bi gida-gida, ya kashe da yawa, ƙauyen ya watse. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya. Idan ana lissafin wahalar da iyalan mishan suka sha a ƙasar nan, to a ganina waɗannan iyalai na Gimi su ya kamata a fara ambata, don su ba su da jirgin da zai mayar da su Ingila jinya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. Mila bai so ba, ya ƙaura Kano. Musulmin birni da ya zo dominsu, kaɗan ne ƙwarai suka bi shi. Amma daga 'yar ƙaramar al'ummar nan aka samu Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Aikin da ya fi nisan zango shi ne fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Mila ne ƙashin bayan aikin. Lokacin nan wata ƙungiyar daban, UMS, wadda ta faro daga ƙasar Nufawa, ta riga ta haura zuwa Salka da Zuru tun shekarun 1920, daga baya ta gina asibiti a Tungan Magajiya, ta kai har Yelwa. Iyalan da ta turo daga Amurka da Kanada sun tarar da harsuna barkatai, kowane tudu da nasa, sai suka kama Hausa, harshen kasuwa, da littafin da ke hannu. Da shi aka horar da masu bishara na cocin da yanzu ake kira UMCA, da shi aka koya wa 'ya'yan Kambari da Dukawa karatu. Littafin da aka yi wa Kano da Zariya tanadinsa, sai ya samu masu karatu a ƙauyukan da dawakin Nagwamatse suka taɓa tarwatsawa, ya kuma taimaka wajen dasa Hausa a bakin jikokinsu.

Likita Mila bai ƙarasa rayuwarsa a Ingila ba. A Bukuru, kusa da Jos, ya rasu a 1952, yana da shekara tamanin.